Na sa sababbin lasifikoki a kan amfilifayar da ta zo da mota, sauti ya koma baya

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum jama'a. Na san akwai waɗanda suka riga ni faɗawa wannan ramin, don haka ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya same shi da kansa, ban da wanda ya ji an ce.

Motata tana cikin masu zuwa da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, tun daga kamfani, tana nan ƙarƙashin kujerar mai zaman banza. Lasifikar ƙofar direba ta yage, takardar ta rabu da robar gefe, duk bugun ganga sai ka ji kamar ana kaɗa leda. Na ce tunda dai za a buɗe ƙofa, bari in canja na gaba duka biyu. Na sayo masu inci 6.5, irin masu 'yar tuwita (ƙaramar lasifikar siririn sauti) a tsakiya, a kwalin an rubuta om 4 (awon yadda lasifika ke tare wuta) da wat 300. Na yanke soket ɗin tsofaffin, na haɗa da kaina.

To ga abin da na samu. Da a lamba 15 nake jin rediyo, yanzu sai na kai 22. Bes ɗin ya gudu gaba ɗaya. Tuwitocin tsakiyar kuma na kara kunnena a jikinsu, ko tsit ba sa yi. Wallahi yagaggiyar ta fi su daɗin ji. Jabu aka sayar mini, ko ni ne na yi shirme?

Tsohon Riwaya:

Wa alaikumus salam, yarona. Ina tsohuwar lasifikar? Kada ka ce mini ka jefar da ita, don amsar tambayarka ta farko tana jikinta. Juya ta ka duba bayan maganaɗisun, sau da yawa akwai rubutu. In babu, ari mita ka sa ta a kan om. Fara haɗa bakin wayoyin mitar biyu ka ga abin da za ta nuna, wata 0.2 wata 0.4, ka riƙe wannan a kai don za ka cire shi daga awon. Sannan ka taɓa ƙafafun lasifikar. Mai om 4 ba ta nuna 4 cif, za ka ga wajen 3.2 zuwa 3.6. Mai om 2 kuma za ta faɗo ƙasa da 2 kaɗan.

Na fi shekara 30 ina buɗe ƙofofin motoci. Masu tambarin Bose ko JBL a jikin ragar ƙofa, da yawansu om 2 nake tararwa, har na taɓa auna wadda ba ta kai haka ba. Amfilifayar kamfani ƙarama ce, da wutar batir take aiki, sai a ba ta lasifika mai ƙarancin om don ta iya tura ƙarfi sosai. Kai kuma ka kawo mata mai om 4.

Amma ciwo uku nake gani a bayaninka, kuma kowanne da maganinsa. Raguwar sauti daban, gudun bes daban, shirun tuwita daban. Kada ka sayi komai sai ka raba su.

Ɗalibin Lantarki:

Baba ya faɗi gaskiya, bari in ƙara da lissafi don ni ma ya taɓa ci na a motar babanmu. Amfilifaya ƙarfin volt take bayarwa, lasifika ce ke yanke yawan wutar da za ta ja. A ce tana fitar da volt 8. A kan om 2, wat 32 ke nan. A kan om 4, wat 16. Rabi daidai. A kunne wannan desibel (dB) 3 ne a ma'aunin ƙara, ana jin sa, amma shi kaɗai bai isa ya kai ka daga 15 zuwa 22 ba, yaya. Akwai wani abu kuma.

Wat 300 ɗin kwali ka manta da shi, wannan na talla ne. Nemi inda aka rubuta RMS da ƙananan baƙaƙe, wato wat ɗin aiki a kai a kai, kuma ko shi ɗin abin da lasifikar za ta iya ɗauka ne, ba ya ƙara wa amfilifaya ko wat ɗaya. Lambar da ta dame ka ita ce mai dB, wato yawan ƙarar da take fitarwa da 'yar wuta kaɗan. A nan ma akwai wayo. Wasu suna aunawa da wat 1, wasu da volt 2.83. Volt 2.83 a kan om 4 wat 2 ne, don haka mai 91 a wannan awon daidai take da mai 88 a wancan. Ni na ɗauki mai takarda mai kauri da ƙaton maganaɗisu ina murna, ashe irinta sai babbar amfilifaya ce ke iya motsa ta.

Direban Dogon Zango:

Ni fa ina ganin kuna tsorata yaron nan da maganar om. Tawa om 2 ta zo da su, na sa masu om 4 a duk ƙofofi huɗu, yau shekara ta uku, kuma wuni nake a hanya rediyo a kunne. Na ƙara lamba biyu ko uku a kan inda na saba, shi ke nan. Amfilifayar ma ta fi sanyi yanzu in ka taɓa ta.

Inda na ji jiki shi ne da na yi akasin haka. Kwaɗayi ya sa na ƙara wasu masu om 4 guda biyu a baya don fasinja, na jona su a kan wayar na ƙofar baya, lokacin na asalin ne a ciki. Minti 20 da tashi sai bayan ya ɗauke, ya huta, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Na sa hannu a kan amfilifayar na janye da sauri.

Ɗalibin Lantarki:

Om 2 da om 4 a haɗe gefe da gefe a kan waya ɗaya, fositif da fositif, negetif da negetif, om 1.3 suke zama, yallaɓai. Sa'a ka ci tana da abin kare kanta da ke kashe ta in ta yi zafi.

Direban Dogon Zango:

Ai a ranar na cire su. Jiki magayi.

Uwar Biyu:

Sannunku. Ni ba ni na haɗa ba, kai ta na yi aka haɗa mini, amma maganar gudun bes ɗin nan kamar labarina ake bayarwa. Da na karɓo motar, muryar mai labarai tana fita lafiya, sai dai kiɗa ya zama fayau, babu nauyi ko kaɗan, kuma ba ka iya cewa daga ina sautin yake fitowa, kamar yana yawo a bayan kunne. Na koma, mai aikin ya ce sababbi ne, sai sun saki jiki. Na yi wata guda ina jiran su saki jiki.

'Yata ce ta gano, ba da niyya ba. Muna tsaye muna jiran ƙanenta, tana ta murɗa abin nan da ke kai sauti hagu ko dama. Da ta kai shi dama gaba ɗaya sai bes ya dawo. Ta kai hagu, nan ma akwai. Ta mayar tsakiya, ya ɓace. Ta ce, "Mama, in su biyun suna yi tare faɗa suke." Ashe an juya wayar ƙofa ɗaya, fositif ya tafi negetif. Ɗaya na turowa, ɗaya na ja baya, suna cinye juna. Gyaran bai ɗauki minti goma ba bayan an buɗe ƙofar.

Ƙanena, gwada wannan yanzu ma, ba ya buƙatar ko sukundireba.

Tsohon Riwaya:

Hajiya, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ta fi wasu masu aikin kunne. Wannan shi ne ciwo na biyu, kuma tunda ya ce ya yanke soket, na kusa rantsewa shi ne.

Abin da ke ruɗa mutane kalar waya ce. Sun haddace fari hagu na gaba, toka-toka dama na gaba, kore hagu na baya, shuni dama na baya, mai baƙin layi shi ne negetif. Wannan ƙa'idar rediyon da ake saya a sa ce. Wayar da ta zo da mota ba ruwanta da ita, kowane kamfani da nasa kalolin, har ƙofar hagu da ta dama ba sa zama iri ɗaya. Kada ka yi canki-canki.

Ga yadda nake yi. Ɗauki tsohuwar lasifikar da guntun wayar da ka yanke a jikinta, ka samo ƙaramin batir na rimot mai volt 1.5. Taɓa wayoyin biyu a kansa, taɓawa kawai ka ɗauke. In takardar ta turo waje, wayar da ke kan + na batirin ita ce fositif. In ta shige ciki, ɗayar ce. Yanzu ka san kalar fositif na wannan ƙofar. A sabuwar kuma yawanci ƙafa mai faɗi ce fositif, siririyar negetif, amma ita ma gwada ta, ba asara. Tuwita kam ba a yi mata wannan gwajin, ba za ka ga motsinta ba, kuma kana iya lalata ta.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: duk waya ko soket mai ruwan ɗorawa da ka gani a ƙofa ko ƙarƙashin kujera, ka ɗauka ta jakar iska ce. Kada batir ya je kusa da ita, kada mita ta taɓa ta. Kuma cire negetif na batirin mota kafin ka fara yankan komai. In tsohuwar mota ce mai rediyon da ke neman lambar sirri bayan an cire batir, nemi lambar tukuna.

Mai Gaggawa:

Ni nawa abin kunya ne, amma gara in faɗa. Waya ɗaya ta ƙofar direba ta karye a cikin robar nan da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda take lanƙwasawa kullum in an buɗe an rufe. Na ga negetif ce. Na ce ai negetif duk ɗaya ne, me zai sa in wahala da zura sabuwar waya ta cikin roba? Na ɗaure ƙafar lasifikar a wani noti na jikin ƙofa. Na kunna, na ji "ɗas", sai wani ɗan wari. Daga ranar wannan ɓangaren bai sake magana ba, sauran ukun suna yi.

Daga baya aka nuna mini da mita a wata motar. Rediyo a kunne, kowace daga wayoyin lasifika biyun tana nuna wajen volt 6 in ka auna ta da jikin mota. Wato babu wadda take ta bodi a cikinsu, duka biyun masu rai ne, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Ni kuwa na ɗauki mai rai na manna ta da ƙarfe. Haka ma in ka haɗa negetif na hagu da na dama wuri ɗaya.

Sabon Shiga, tunda ka yanke waya, yaya ka rufe mahaɗar? In murɗawa ka yi ka naɗa salatif, koma ka buɗe. Cikin ƙofa akwai zafi, akwai ruwa, salatif yana saki, kuma ranar da tsirarar waya ta taɓa ƙarfe za ka zo layina. A yi mata dalma a sa robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, ko a matse ta da abin matse waya.

Sabon Shiga:

Murɗawa na yi na naɗa salatif. Innalillahi. Yau ba zan kunna rediyon ba.

Mai Son Kiɗa:

Saura ciwo na uku, kuma shi ne ya fi cin kuɗina, don haka ku bar mini shi.

Mutane suna ɗauka amfilifayar mota ƙara sauti kawai take yi ta raba wa kowa daidai. A motoci da yawa ba haka ba ne. A cikinta ake yanka sautin: mai kauri a tura ƙofa, siriri a tura tuwitar dashbod ko ta jikin ginshiƙin gilashi, kowanne da wayarsa daga amfilifaya. To in wayar ƙofarka ba ta ɗauke da siririn sauti tun daga tushe, ko tuwitar zinariya ka sa a wurin ba abin da za ta faɗa. Lafiyarsu ƙalau, ba a ba su komai ba ne.

Ni saiti na saya, wufa (lasifikar sauti mai kauri) daban, tuwita daban, da ɗan akwatin da ke raba musu sauti. Na bi hoton takarda tiryan-tiryan: wayar ƙofa ta shiga akwati, akwati ya ba wufa, ya ba tuwita. Na cire tuwitocin asali na ajiye. Da na kunna, sai ka ce an rufe mawaƙin da bargo. Kwana biyu ina zargin akwatin, har na kusa mayar da kayan.

Abin da ya warware mini shi ne manhajar waya mai fitar da sauti ɗaya tak. Na sa hertz 80 (ƙaramar lamba sauti mai kauri, babba siriri), ƙofa ta yi gurnani. Na sa 1,000, tana yi. Na sa 10,000, shiru, ko a akwatin babu abin da ke isowa. Na mayar da tsohuwar tuwita kan soket ɗinta na dashbod, sai ga shi tsiii. Nan na gane an riga an yi rabon. Na ajiye akwatunan gefe, wufa kai tsaye kan wayar ƙofa, sabuwar tuwita kan wayar tuwita. A gwada da sauti ƙasa-ƙasa, don Allah, wannan sautin yana gajiyar da tuwita da kunne duka.

Kuskure ɗaya na ƙara yi. Tsohuwar tuwitar tana da 'yar kafasita manne a bayanta, ban kula ba. Ita ce ke tare sauti mai kauri. Sabuwar ba ta da ita, don an yi ta ne ta dogara da akwatin da na cire. Sati ɗaya ta hagu ta fara kuka-kuka. Duk tuwitar da zan sa yanzu sai na jera mata kafasita a wayar fositif, irin wadda ba ta da gaba da baya.

Ɗalibin Lantarki:

Ga mai son lamba: a tuwita mai om 4, kafasita mai maikrofarad 10 tana fara tarewa daga wajen hertz 4,000 zuwa ƙasa, 4.7 kuma wajen 8,500. In om ɗin tuwitar ya canja, lissafin ya canja.

Direban Dogon Zango:

Tawa kuwa ba haka take ba, kun gani. Wayar ƙofata komai tana ɗauke da shi, masu tuwita a tsakiya na sa kuma suna yi. Kowace mota da halinta.

Tsohon Riwaya:

Haka ne, Malam, shi ya sa ba na yanke hukunci sai na gwada. Akwai ma kashi na uku. A Toyota da Subaru da yawa, wayar tana fara zuwa soket ɗin tuwita mai ƙafa huɗu, daga nan ta wuce ƙofa. Ka zare tuwitar, ƙofa ta mutu. An sha kawo mini mota wai amfilifaya ta ƙone, ina leƙa dashbod in ga soket yana lilo. A haɗa fositif da fositif, negetif da negetif a wurin, ƙofa ta dawo.

Kuma ku daina yanke soket. Ana sayar da 'yar wayar da ke shiga soket ɗin mota ta fito da ƙafafu biyu na lasifika, kamfanin Metra na yin su na motoci da yawa. Da ita babu ruɗewar fositif, kuma ranar da za ka sayar da motar ka mayar da komai yadda yake.

Uwar Biyu:

Na tuna wani abu. Ranar da aka gyara mini, mutumin ya sauke gilashi har ƙasa kafin ya mayar da murfin ƙofa. Na tambaye shi dalili, ya ce wata lasifikar ta fi ta asali zurfi, gilashi yana sauka ya doki maganaɗisu. Tawa saura kaɗan, ɗan yatsa ma ba ya shiga tsakani.

Mai Son Kiɗa:

Da zoben da ake ɗora ta a kai. Na yi na katako, ruwan da ke bi ta gilashi ya kumbura shi cikin shekara guda. Na roba ya fi. A kuma liƙa soso a kewaye, in iskar gaba da ta baya suna haɗuwa ta gefe, bes ɗin zai ragu ko da waya daidai take.

Sabon Shiga, gaskiya ɗaya da ba a so a faɗa: an daidaita amfilifayar ne da lasifikokin da suka zo da ita, inda suke da rauni ta ƙara, inda suka yi yawa ta rage. Sabuwa tana gadon wannan gyaran da ba nata ba. Za ta iya fin tsohuwar tsabta, amma kada ka sa rai za ta fi ta bes.

Sabon Shiga:

Jama'a na dawo da rahoto, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Na fara da gwajin Hajiya tun a daren, da sauti ƙasa-ƙasa duk da na ce ba zan kunna ba. Dama kaɗai akwai bes, hagu kaɗai akwai, tsakiya babu. Washegari na tono tsofaffin daga but, Allah ya sa ban jefar ba. Batirin rimot ya nuna ƙofar dama na juya. Mitar da na aro wayoyinta 0.3 suke ci. Tsohuwar ta nuna 2.1, wato 1.8, sabuwar 3.7, wato 3.4. Baba, om 2 ce kamar yadda ka ce. Gwajin manhaja kuma: 80 akwai, 1,000 akwai, 10,000 babu a ƙofa, yana dashbod. Ashe duk ukun na haɗa.

Na cire salatif ɗin. Ɗaya har ya fara saki, wayar tana leƙowa kusa da ƙarfen da gilashi ke bi, Mai Gaggawa na gode. An yi dalma, an sa robar tsukewa. Bes ya dawo, yanzu a 18 nake ji. Tuwitocin tsakiyar suna nan a matsayin ado, na dashbod na asali ne ke aiki, kuma na bar su haka.

Sai dai tun da bes ɗin ya dawo, wani abu a cikin ƙofar dama yana "zzz" duk lokacin da ganga ta buga, in na danna gwiwata a murfin sai ya daina. Maɓallan roba biyu sun karye lokacin da nake ɓalle shi karo na biyu. Su ne, ko in sake buɗewa?

Tsohon Riwaya:

Su ne. Sayi guda goma, don za ka karya wasu wajen sa waɗannan.